Tambaya: ɗan jirgin ƙasa mai aiki da tururi na gaske, wa ya san kansa a nan Yamai?

Ɗan_Yantala:

Salamu alaikum ƴan'uwa, an wuni lafiya, ya zafi? Don Allah ina neman wanda ya san kan ƙananan jiragen ƙasan nan da Turawa ke shimfiɗa wa dogo a lambun gidajensu, ba na batir ba, ba kuma wanda ake jonawa da kuran ba, wanda ake zuba wa ruwa a kunna masa wuta ya tafasa ya ja taragunsa da tururi. Kawuna ne ya dawo da shi daga Beljik bayan ya yi ritaya, wai wani tsoho maƙwabcinsa ya bar masa, tun lokacin yana cikin kwali ba wanda ya taɓa sai yanzu da ya ga ni da son taɓe-taɓen inji ya ce in ɗauka in ga abin da zan iya.

Kan jirgin tsawonsa bai wuce santimetir 30 da ɗoriya ba amma da nauyi sosai, tukunyarsa ta jan ƙarfe ce, akwai ɗan agogon matsi, da wani ɗan gilashi da ake ganin ruwa a ciki, da ƙaramin tankin gaz a wajen zaman direba. Na auna tsakanin ƙafafun milimetir 45 ne. Akwai taragu uku da guntayen dogo na tagulla amma ba su da yawa, iyakarsu su zagaye tabarma.

To ga matsalar. Ina cika masa gaz da irin gwangwanin da ake cika birike da shi, in kunna, ya yi zafi, allurar agogon ta hau, ya fara tafiya gwanin sha'awa yara na ihu, amma ba ya jimawa sai wutar ta mutu ya tsaya cak, alhali a bidiyoyin YouTube ina ganin nasu na ta zagaye har ka gaji da kallo. Wani lokacin kuma da na kunna sai wutar ta yi ruri ta fito ta gaba wajen bututun hayaƙi har fentin wurin ya fara sauya kala. Kuma farkon tashi yana feso wani ruwa mai maiƙo ta sama, duk ya ɓata min riga. Sannan ɗan kwalbar man da ya zo da shi ya kusa ƙarewa, man yana da kauri kamar ba na inji ba, ko zan iya sa man mota in ya ƙare? Ruwa kuma wanne ya dace, na pampo ko piya wata?

Na ƙarshe, ina so in shimfiɗa masa dogo na dindindin a tsakar gida ya zagaye bishiyar mangwaro, wajen metir 20 ke nan in an zagayo. Wanda ya taɓa yi ko ya san wani abu a kai don Allah ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

MaiShayi_Wadata:

Hahaha yau ga wani abu. Ɗan'uwa in jirginka ya tashi ka sanar da mu mu zo mu yanki tikiti, don kai ne za ka fara jigilar fasinja a garin nan. An buɗe gar ta Yamai, wato tashar jirgin ƙasa, a 2014, an ja dogo har Doso aka yi bikinsa a 2016, kilometir wajen 140, har yau ban san mutum ɗaya da ya ce min ya hau ya je Doso cin kasuwa ba. Naka ko zagaye mangwaro ya yi ai ya yi ƙoƙari. Ni ban san komai a kan inji ba, ina dai jiran masana in sha kallo.

Tsohon_Makanike:

Wa alaikumus salam ɗana. Abin da ke hannunka ba kayan wasan yara ba ne ko da yake ya yi kama, injin tururi ne cikakke an dai ƙanƙantar da shi. Na yi shekaru ina kula da tukunyar tururi a masana'anta, kuma wani Bature da muka yi aiki tare yana da irin wannan a gidansa, ni nake taya shi kwancewa da ɗaurawa, don haka bari in gaya maka abin da na sani, ka yi haƙuri da tsawon magana, tsufa ne.

Fara da ruwa. Kada ka sa na pampo, na rijiya kuwa ko kusa, piya wata ma ba shi ba ne don an tace shi ne domin sha, gishirin ƙasa na nan cikinsa. In kana son gani da idonka leƙa cikin butar da ake dafa shayi kullum, farin ƙanzon nan da ya kama gindinta shi ne zai kama cikin tukunyar jirginka, kuma ita ba ka da hanyar sa hannu ka kankare. Tururi in ya fita ruwa zalla ne ke fita, gishirin yana zama, kullum yana ƙaruwa, ya lulluɓe bututun da wuta ke bi ta cikinsa sai zafi ya daina ratsawa, ya toshe ƴan hanyoyin gilashin ruwa sai gilashin ya riƙa yi maka ƙarya, yana nuna akwai ruwa alhali tukunya ta bushe. Ruwan da ake so shi ne wanda aka dafa aka tara tururinsa, ka tambaya a farmasi. In ba ka samu ba ruwan sama ya wadatar, amma ba na farkon damina ba, bari sai ruwa ya wanke kwano tukuna, ka tara ka tace da tsumma mai tsabta ka aje a bido mai murfi, bido ɗaya zai kai ka wata damina don abin da jirgin ke sha kaɗan ne. Ruwan da ke ɗiga daga kilim, na'urar sanyaya ɗaki, shi ma yana yi in an tace. Ka yi hattara da abin da ake sayarwa a bakin titi da sunan ruwan batir, wani ruwa ne wani kuma asid ne, kwalba iri ɗaya.

Tunda ba mu san irin ruwan da mai shi na farko ya riƙa sawa ba, ni zargina ƙanzo ne ya sa yake saurin gajiya. Ka haɗa binegar fari da ruwa mai ɗumi ka cika tukunyar, ka bar shi ya jima, ka zubar ka ɗauraye sau da yawa har warin ya fita.

Wajen cikawa kuma ba a cika ta fal. Ka cika sannan ka zuƙe kamar mililitir 30 da sirinji, don tururi ya samu wurin taruwa a sama, in ba haka ba ruwa ne zai bi bututu ya shiga silinda maimakon tururi. Feshin da kake gani farkon tashi wani ɓangarensa ba laifi ba ne, silinda na da sanyi tururi ya shiga ya koma ruwa dole ya fita ta bututun hayaƙi, sai ka riƙa tura jirgin gaba da baya a hankali da hannu har su yi zafi, kuma ka kau da fuskarka daga sama. In ya ci gaba da feshi bayan ya yi zafi to ruwa ka cika da yawa.

Mai kuwa, a'a, man mota ba ya yi a ciki. Dubi ɗan tulun da kake zuba man, tururi ne ke ratsawa ta kansa, kaɗan daga ciki ya huce ya zama ruwa, ruwa ya fi mai nauyi sai ya nutse ƙasa ya turo man sama ya bi tururi zuwa silinda, ɗigo ɗigo, ba pampo ba komai, dabara ce tsohuwa. Man da aka yi don wannan aiki yana da kauri kuma an haɗa shi da kitse don ya manne wa ƙarfe ko da jiƙe yake, za ka ga an rubuta 220 ko 460 a jikin kwalbar. Man mota tururi wanke shi yake yi, wanda ya rage ya ƙone ya toshe bututu. Man bwat, wato na giyar mota, shi ma kada wani ya ruɗe ka da kaurinsa, wasunsu na da sinadarin da ke cin tagulla. Ka sa kawunka ya nemo wanda zai taho maka da na gaskiya, ƙaramar kwalba tana daɗewa. Duk sanda ka gama wasa ka kwance ɗan dunƙulen da ke ƙasan tulun ka zubar da ruwan da ya taru, in ka ga ruwa ya fito mai ya ragu to yana aiki, in ka tarar da man yadda ka zuba shi to hanyar ta toshe kuma pisto na tafiya a bushe.

Na waje, sandunan ƙafa da duk inda ƙarfe ke gugar ƙarfe, nan man mota mara kauri ko na keken ɗinki ya isa, ɗigo ɗaya ɗaya. Amma a nan ne ƙasarmu ta bambanta da inda aka ƙera shi. Su laima ke damunsu mu ƙura. Mai in ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama irin man gogen ƙarfen nan mai gari da muke wasa supap, wato bawul ɗin injin mota, da shi a garaji, zai cinye maka ramukan sanduna ka ga ƙafa na lilo. Don haka bayan kowane wasa ka wanke tsohon man da ɗan buroshi da kananzir, ka goge, ka sa sabo, ka mayar da shi cikin akwati mai murfi. Ranar da iska ta taso da jan ƙura kada ma ka fito da shi.

Ba'adare_MaiSudur:

Salamu alaikum daga Tawa. Baba Tsohon_Makanike na gaishe ka, maganar ruwa da mai ba abin da za a cire ciki, amma ka yi mini gahwara, ni ban ga ƙanzo cikin matsalar ga ba. Yaron ya ce wuta ce ka mutuwa. In da ƙanzo na, wuta za ta ci gaba da ci jirgi ne za shi rasa ƙarhi. Wuta ta mutu ke nan gaz ya ƙare, gaz ya ƙare da wuri ke nan tun hwarko bai shiga tanki ba. Ni ban taɓa riƙa jirgin ga ba, aikina gyaran firigo da kilim da sudur, amma gaz na san halinshi.

Ƙanena ga abin da ke hwaruwa. Gaz ɗin cikin gwangwani ruwa na, kuma shina tahiya daga inda matsi ya hi yawa zuwa inda ya hi kaɗan, matsi kuwa zahi ke kawo shi. Bitan, irin gaz ɗin birike ke nan, a digiri 20 matsinshi wajen bar 1 na bisa agogo, in ya kai digiri 40 ya kusa bar 3. To kai gwangwaninka na ɗaka cikin inuwa, jirgi na tsakar gida rana ta gasa shi, ka ga tanki ya hi gwangwani matsi, kana dannawa kana jin huuu kana cewa ya cika alhali ɗan kaɗan ya shiga. Turawan da sunka rubuta takardun abin ga sanyi ke damunsu, har ruwan ɗumi su ka zuba ma tanki don gaz ya tashi, mu namu akasin haka na. Ka aje jirgin inuwa, ka ɗora tsumma mai ruwan sanyi bisa tankin ya huce, gwangwani kuma ka riƙe shi cikin hannu ya ɗan yi ɗumi, ka kihe shi baki ƙasa, ka danna har ka ga ruwan gaz na tartsatsi a bakin, sannan ya cika. Kuma nesa da murhu da mai shan taba don Allah, gaz ɗin ga ya hi iska nauyi, ƙasa shi ka kwanciya ba ka ganinshi.

Wutar da ke hitowa gaba kuma, ko ka buɗe gaz da yawa, ko ruwan gaz ne ke biyo bututu maimakon iskarshi. In ka gama cikawa ka buɗe kaɗan ba wuta ka bari tartsatsin ya wuce, ka rufe, ka jira warin ya tahi, sannan ka buɗe ɗan kaɗan ƙwarai ka kunna a bakin bututun hayaƙi, za ka ji ta yi fut ta koma ciki. In ta tsaya gaba tana ci, kashe ka sake, kada ka bar ta, ba henti kaɗai za ta ɓata ba. In ka ga wuta na rawa tana ja baya to jiklar, ɗan bakin da gaz ka hitowa ta cikinshi, ya toshe, raminshi ya hi gashi sirara, ka kwance shi ka hura gaz ta baya, kada ka sa allura ko waya, in ka buɗa ramin ya tashi aiki.

Ka karanta jikin gwangwanin kuma. Wasu bitan zalla na, wasu an gama da propan don ƙasashen sanyi. Propan a digiri 40 ya haura bar 12, mu da ke ganin 45 cikin watan Afrilu mi za mu yi da shi. Kada kuma wani ya ce za shi yi maka haɗi daga buteli ta girki, ba ka san gamin da ke ciki ba.

Abu guda da ni ka tsoro, yanzu in gaz ya hwara shiga sosai. Masu ƙera irin wanga sun auna shi yadda gaz za shi riga ruwa ƙarewa, don kada wuta ta ci busasshiyar tukunya. To in wuta ta mutu kada ka ƙara gaz kaɗai ka kunna, duk sanda ka cika gaz ka cika ruwa ka duba mai, su ukku tare su ka tahiya.

Ɗan_Yantala:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Baba Allah ya ƙara lafiya, yayana na Tawa Allah ya bar zumunci. Na gwada maganar tsumma mai sanyi da safen nan kafin rana ta yi, wallahi gaz ya shiga har na ji gwangwanin ya yi sauƙi a hannu, jirgin ya yi ta zagaye kusan rabin awa kamar na bidiyo. Binegar ɗin ma na yi, ɗan farin gari ya fito amma ba yawa.

Sai dai yanzu da ya daɗe yana aiki na lura da abu biyu. Ɗan abin da ke saman tukunya yana ta fesar da tururi in allura ta kai 40, har na ji kamar in ɗaure shi ya daina asara. Sannan akwai wani ɗan wuri a bayan tukunya inda bututun agogo ya shiga, yana ɗan tsattsafo da ruwa. Akwai mai gyaran radiyata a kasuwar Katako da na sani ko in kai masa ya ɗan liƙe da dalma?

Malama_Fizik:

Ƙanena kada ka ɗaure shi! Wannan supap ɗin shi ne ke tsaron lafiyarka da ta yaran da ke tsugune kusa. Lamba 40 da kake gani ma'aunin Ingila ne, bai kai bar 3 ba kaɗan, kuma nan aka tsara irin waɗannan su yi aiki, in ya fesar a nan to lafiyarsa ƙalau, wutar ce ta yi yawa sai ka rage gaz, ka ma samu ƙarin lokacin tafiya. A wannan matsin ruwan da ke ciki ya kai wajen digiri 140 bai gama zama tururi ba don an matse shi, in tukunya ta tsage wani ɓangarensa zai zama tururi lokaci guda, kuma ruwa in ya zama tururi a fili yana cin wuri fiye da ninki 1,600. Ƙanƙantar tukunya ba ta hana ƙuna. Ni da nake koyar da wannan a lise har ina so in ce ka ara mana shi mu nuna wa ɗalibai, don zane a allo ba ya shiga kansu kamar su ga ƙafa na juyawa.

Bari in taɓa maganar dogo tunda ba wanda ya taɓa. Tagulla tana miƙewa da zafi, kowane metir ɗaya yana ƙaruwa da kamar milimetir 0.019 a kowane digiri. Ka ga kamar ba komai ko? To lissafa. Asubar watan Janairu a Yamai muna sauka wajen digiri 15, ƙarfen da ke kwance a rana a watan Afrilu kuwa yana iya wuce 60. Bambancin 45 ke nan, sau metir 20 naka, ya ba ka milimetir 17, kusan santimetir biyu. In ka kafe dogon da ƙusa tam ba inda zai je sai ya lanƙwashe gefe ko ya yi tozo, jirgi ya zo ya kife da wuta a cikinsa. Don haka ka bar ɗan tsaga kamar milimetir ɗaya a kowace mahaɗa in da sanyin safiya kake shimfiɗawa, kuma kada ka kafe shi, ka kwantar da shi cikin ƙananan tsakuwa yadda ake yi wa na gaske ya riƙa motsi abinsa. Ɓangaren da ke inuwar mangwaro da wanda ke rana ba za su miƙe daidai ba, wannan ma dalili ne.

Shawarata kada ka shimfiɗa a ƙasa. Ka sa mason ya ɗaga maka da bulo ko da zuwa gwiwa ne, ya bar ramukan da ruwa zai bi, don ka san ruwan Agusta in ya sauko tsakar gida kogi take zama, ga yashi, ga kaji masu tono, ga awaki. Ɗagawa da katako kuwa ka manta da shi, gara za ta gama da shi kafin ka ankara. Kuma ya sa ma'aunin ruwa ya daidaita saman sosai, injin tururi ba ya son hawa da gangara, a hawa ya tsaya yana nishi a gangara ya kwasa da gudu, kai kuma ba ka cikinsa balle ka rage masa. Kwana ma ka buɗa ta, daga tsakiyar da'ira zuwa dogo ya kai metir ɗaya da ɗoriya in fili ya yarda.

Abin daɗin shi ne dogonka ba ya ɗaukar kuran, don haka ko an ɗauke wuta unguwa duka kai jirginka na tafiya.

Ba'adare_MaiSudur:

Malama ta gama magana kan supap. Ni dalma za ni hana. Tukunyar ga da sudur ta azurhwa anka haɗa ta, wadda sai ta wuce digiri 600 take narkewa, dalmar radiyata kuwa tun wajen 200 ta zama ruwa, kuma tun kahin nan ta yi laushi. Mahi muni, in dalma ta taɓa wurin, azurhwa ba ta ƙara kamawa da kyau. Kahin ma a kai ga sudur, duba ko wurin dunƙule na mai zare, galibi ɗan zoben da ke tare ruwa ne ko na roba ya bushe don daɗewa cikin kwali, ka canza shi ka naɗa ɗan teflon shi ke nan. In kuwa jikin haɗin ne ke zuba to a daina kunna shi sai an gyara an gwada. Gwaji kuma da ruwan sanyi a ka yi, a cika tukunya hwal ba iska ko kaɗan, a toshe wurin supap, a matsa da ɗan pampo har ninki ɗaya da rabi na matsin aikinta a ga ko allura za ta sauka. Ba da kwampuresa ba, ruwa ba shi matsuwa in ta tsage ɗiga kawai za ta yi, iska kuwa hwashewa za ta yi.

Bamaraɗe_a_Lyon:

Sannunku da aiki, na zo a makare. Akwai ƙungiyar masu irin wannan kusa da inda nake, ina zuwa kallo ranar Lahadi wani lokaci, yawancinsu tsofaffi ne ƴan ritaya masu lokaci. Ɗan_Yantala ka yi sa'a da milimetir 45, don shi ne dogon da ya fi sauƙin samu, LGB na Jamus suna yinsa tun 1968 kuma an yi shi ne don zama a waje, Peco na Ingila ma suna yi, na hannu kuma suna yawo a intanet. Ɗaya faɗin da ake yawan gani shi ne 32, ka tabbatar wanda zai sayo maka bai ruɗe ba. Wani abin sha'awa, LGB sun ɗauki ma'aunin kashi 1 cikin 22.5 ne don dogon 45 ya tsaya a madadin dogo mai faɗin metir ɗaya, wato irin na Kwatano zuwa Paraku da irin wanda aka ja zuwa Doso, don haka in ka ƙera taragu da kanka ka yi musu fenti irin na OCBN, tsohon kamfanin jirgin ƙasa na Benin da Nijar, ba ka kauce ba. Masu ƙera kan jirgin da aka fi sani a wannan girman akwai Roundhouse a Doncaster ta Ingila, da Accucraft, da Regner a Jamus, da Aster na Japan, ka duba ƙarƙashinsa ko akwai suna da lamba don da su ake neman zobba da jiklar.

Inda zan ɗan saɓa da Baba shi ne ruwan kilim. Ni ba zan sa ba. Ruwan yana bi ta kan faranti na alminiyom da duk ƙurar ɗaki, kilim ɗin Yamai kuma mun san rabonsa da wanki. Akwai ma muhawara a nan kan ruwan da ake sayarwa na guga da batir, wanda aka cire wa gishiri da sinadari ba da dafawa ba, wasu na cewa yana cin haɗin tukunya a hankali wasu na cewa sun yi shekaru suna sawa, har yau ba su daidaita ba. Ruwan sama dai kowa ya yarda da shi.

Wani ya tambaye ni ta gefe ko ana iya sa gawayi tunda muna da kwal a Anu Araren da Salkadamna. Akwai masu cin kwal a wannan girman amma tukunyarsu daban ce, tana da murhu da rariya da ƙananan bututai, naka na gaz ba ya juyuwa haka nan.

Tsohon_Makanike:

Ɗana na Tawa ka yi gaskiya, gaz ne, na karɓa. Maganar kilim kuma ɗana na Faransa, ai na ce a tace. Ƙura tsumma na kama ta, gishirin da ya narke cikin ruwa shi ne tsumma ba ya kamawa, kuma ruwan kilim daga iska ya fito ba daga ƙasa ba, ba shi da wannan. Ku can ruwan sama kusan kowane wata kuna samu, mu daga Oktoba sai Yuni, yaron in bidonsa ya ƙare a Maris ya zauna ke nan? Ya ɗiga kaɗan a kan gilashi mai tsabta ya bar shi ya bushe a rana, in bai bar farin tabo ba ya sa abinsa.

Abin da na manta ɗazu, in ka kashe wuta kada ka murɗe makunnin tururi da ƙarfi yana da zafi, in ya huce zai cije ka kasa buɗewa. Ka jira allura ta sauka sifiri sannan ka sassauta murfin ruwa iska ta shiga, don tukunya in tana hucewa zuƙa take yi, tana iya jawo mai daga tulu zuwa cikinta, mai in ya shiga tukunya kuwa ruwa ya riƙa kumfa ke nan. In zai kwana biyu ba a kunna ba ka juye ruwan duka.

Ɗan_Yantala:

To an hana ni Katako an hana ni ɗaure supap, na ji na bi. Na duba wurin da ke tsattsafowa mai zare ne kamar yadda yayana ya ce, ɗan zoben da ke ciki ya bushe har ya tsage da na taɓa shi, zan nemi irinsa mai jure zafi wajen masu kayan firigo. Akwai lamba a ƙarƙashi zan turo maka hoto ta gefe yaya Bamaraɗe, in akwai mai tahowa kafin sallah ka haɗo min da mai da dogo ko metir goma ne na hannu, sauran sai a hankali, ka gaya min nawa zai kama da sefa har kuɗin duwan. Malama maganar ɗalibai ba damuwa, in an gama gyara sai ki faɗi rana, amma ajinku akwai fili mai inuwa kuma ƙasan a daidaice yake? Don dogon da ke hannuna yanzu sai a kan siminti yake zama daidai.